Baƙuwar Kangon Inna

Daga Mardiya 'yar Malam Sambo, a Kebbe, zuwa ga Malam Attahiru, a Tambuwal. Watan Zulhajji.

Da sunan Allah. Gaisuwa mai yawa gare ka, ɗan mace, bawan gidanmu, wanda ya yi rawani ya mance hanyar Kebbe. Ina fatan kun yi Layya lafiya, kai da iyali da ɗalibai. Mu nan lafiya, sai zafin bazara da gwiwata da ba ta barin ni in durƙusa yadda nake so.

Bayan haka, ka nemi wuri ka zauna. Dada ta dawo. Yayarka Dada, wadda 'yan hari suka ɗauke a hanyar Dogon Daji kana ɗan yaye. Ta biyo ayarin fatake daga Lakwaja, ta tsaya bakin kasuwa tana tambayar gidan Ummulkulsum, innarku. Aka ce mata ta rasu tun da daɗewa, gidan ya zama kango, ɗanta yana Tambuwal. Ba ta yi kuka a nan ba. Ta ce a nuna mata kangon.

Na tarar da ita tana tuge ciyawa da hannu. Ta tsufa, ta rame, Hausarta ta gauraye da ta Nufawa. Amma da ta miƙe ta dafa ƙugu, sai na ga Gwaggo Ummu tsaye a gabana. Abin da ta fara tambayata shi ne, "Atu fa? Ƙafar nan tashi tana damu nai?" Ta ce ita ta aje ka kusa da murhu ka taka garwashi.

Ta rufa ɗaki ɗaya da kara. Na ɗauka na kanta ne, sai ga ta da Na'Allah, kuturun da ke kwana a rumfar mahauta, ta kwantar da shi ciki, ita ta shimfiɗa tabarma a waje. Yanzu akwai wata makauniya, da wata mata daga Fakku da 'ya'yanta, wadda dangin mijinta suka kora bayan ta gama takaba. Surfe take yi wa mutane a ba ta tsaki, da shi take dama musu kunu.

Buƙatarta ɗaya ce: ta gan ka. Ta ce in ka yarda za ta taho da ƙafarta. Zumunta a ƙafa take, Malam, kuma tata ta yi tafiyar da ta fi taka. In ce ta taho? Bube mai kai shanu kasuwarku shi zai kawo maka wannan, ka ba shi amsa. Wassalam.

*

Daga Attahiru zuwa ga Mardiya. Ƙarshen Zulhajji.

Aminci ya tabbata a gare ki, uwargijiyata ta ƙarya. Takardarki ta iso, tawadarki har yanzu ruwa ta fi yawa. Muna lafiya, ban da tarin da ke damun ƙaramar 'yata. Ga man shanu da aka dafa da citta, ki shafa wa gwiwar.

Na karanta, na sake karantawa. Inna ta mutu da sunan Dada a bakinta. Amma ke mace ce mai saurin tausayi, ni kuwa aikina ya koya mini in tambayi shaida. Tabon diddigena wane ne bai san shi ba a Kebbe? Inna ta ba duk wadda ta shigo aron rariya labarinsa. Wadda ta kwana biyu cikin fatake tana iya tsintarsa a hanya. Ki duba mini fuskarta: zanen gidanmu yana nan? Ki tambaye ta wa ya 'yanta ta, kuma ina takardar 'yancin. Ki lura da sallarta.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne taron nan. Wanda ya dawo daga bauta yakan nemi inda zai huta, dangi su ciyar da shi. Wannan ta zo ba ta da ko ƙwarya, ta fara tara mutane. Ruwa ba ya tsami banza. A zamanin nan, duk inda ka ga talakawa da gudaddun bayi sun taru gindin mutum ɗaya, ba a jimawa sai ka ji an ce Mahadi ya bayyana, daga nan sai mahaya su zo, ba su kuwa tambayar wa ya yi wa bai yi ba. Kuma daga Lakwaja ta fito, garin da Nasara suka taso suka ci Bida. Kangon nan da sunana ake kiransa.

Kada ta taho tukuna. Idan yayata ce, wadda ta yi haƙurin shekaru za ta yi na watanni. Ban ce a kore ta ba. Wassalam.

*

Daga Mardiya zuwa ga Malam Attahiru. Watan Muharram.

Gaisuwa da addu'a. Allah ya ba yarinya lafiya. Man ya yi amfani, na gode. Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya fara leƙowa.

Na gaya mata abin da ka ce. Ta ce, "Shina da gaskiya. Bai san ni ba." Ta koma ga turminta. Ni ce na ji haushi a madadinta.

Ga amsoshinka, alƙalin gidan wani. Zane yana nan a ƙasa, amma an bi kansa da wasu, kowane ubangida da askarsa, sai ka ƙura ido kake ganin namu. Takardar 'yanci ba ta da ita. Ta ce ba wanda ya 'yanta ta, yar da ita aka yi a bakin kogin Kwara da ciwo ya kwantar da ita, wasu suka ɗauke ta suka yi jinya. Salla kuwa a ɗaki take tata, ni ban leƙa ba, don ba a aike ni leƙe ba.

Game da taro, ya ƙaru, ba zan yi maka ƙarya ba. Dokarta ɗaya ce, ba ta tambayar kowa daga ina yake ko na wane ne. Na ce mata wannan zai jawo magana. Ta ce, "Ni ma ba a tambaye ni ba ranar da anka ɗauke ni bakin Kwara." Kullum da safe sai ta wanke wa Na'Allah gyambunansa da ruwan ɗumi da gishiri, da hannunta, tana yi masa tsiya yana ramawa. Mutumin da shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ko gefen rigarsa.

Mutanen gari kuma sun ɗauko wata. Sun gan ta da carbi, sun ga ba ta cin nama ranar Juma'a ko da sarkin fawa ne ya aiko, sai suka yanke cewa waliyya ce. Mata suna kawo 'ya'ya ta yi musu tofi. Ita kuwa korarsu take yi, ta ce su je su wanke wa yaran ido. Wannan ma sai suka ce ai haka waliyyai suke, ba su son a sani. Yanzu har daga ƙauyuka ana zuwa da ƙwaryar hatsi, ita kuma ta juye a tukunya.

Ka kwantar da hankalinka, ba ruwanta da Mahadi. Na kasa kunne da kyau. Sunan da nake ji a bakinta na Annabi Isa ne da na mahaifiyarsa. Ka zo ka gan ta da idonka, ko ka bar ta ta zo. Wassalam.

*

Daga Attahiru zuwa ga Mardiya. Farkon Safar.

Bayan gaisuwa. Yarinya ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Ni ne ba ni da shi.

Kin ce in kwantar da hankali, sannan kika rubuta abin da ya tayar da shi gaba ɗaya. Ke 'yar Malam Sambo ce, a gabansa kika yi karatu. Wane ne ke zaman jiran Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana kiran sunansa safe da yamma? Wanda ya riga ya yarda Mahadi ya bayyana, saura mai biyo bayansa. Biri ya yi kama da mutum. Ga carbi, ga wuridin da ba a sani ba, ga haramta abin da Allah ya halatta ranar Juma'a, ga mutanen da ba a tambayar iyayen gidansu. Ko dai ba ki gane ba, ko kin gane kina rufe mini. Na fi tsoron na biyun, domin na san ki, ba ki taɓa rasa leƙa abin da kike son gani ba.

Ranar kasuwa wani mutumin Dogon Daji ya tsayar da ni a gaban jama'a, ya ce, "Malam, an ce gidanka na Kebbe ya zama zawiyya. Bawana ya ɓace, ko in je can in duba?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ina da makaranta, ina da iyali, ke ma kina da naki, kuma ke ce kike shiga kina fita.

Ki tambaye ta kai tsaye wa ya ba ta wuridin nan, wa take yi wa aiki. Ki ba Bube amsa a zuwansa na gaba. In na ji shiru, zan ɗauka shirun ne amsar, kuma gara in kai maganar da bakina da a kai ni. Wassalam.

*

Daga Mardiya zuwa ga Malam Attahiru. Tsakiyar Safar.

Gaisuwa. Lafiya muke, ruwa ya yi yawa, katangar bayan gidana ta zube. Yau ba wasa a bakina. In ka karanta wannan ka wanke takardar.

Ka yi gaskiya a abu ɗaya: na sani, na rufe. Ka yi kuskure a sauran. Dada ba ta san ko mene ne Mahadi ba. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Wane gari shike?"

Waɗanda suka ɗauke ta a bakin Kwara Nasara ne, amma ba masu bindiga ba. Malamansu ne, ana ce musu Fada, da wasu mata da ba su aure, aikinsu tsintar waɗanda aka yar. Katolika ake kiran hanyarsu. Ta ce wata daga cikin matan ta yi ta wanke mata jiki tana zawo, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Da ta warke ta zauna tana taya su. Daga baya ta nemi su yi mata wankan shiga addininsu, ba wanda ya tilasta ta. A ƙarshen carbin nan akwai ɗan gicciye, ta sa baduku ya ɗinke shi cikin fata, kowa yana ɗauka laya ce.

Na yi mata faɗa, na yi kuka, na karanta mata abin da na sani. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Mardiya, Musulmi sunka sayar da ni, Musulmi sunka saye ni, ina salla suna salla. Ban ce addininku ya yi hakanga ba, mutane na. Amma inda anka ɗauke ni nan ni ga Allah." Ta ce an koya mata cewa duk mayunwacin da ta ba kunu, Isa ɗan Maryamu ta ba, shi ya sa ba ta tambayar suna, ta riga ta san mai zuwa. Ba ta taɓa kiran kowa zuwa hanyarta ba. Ita ce ma ke tashin Na'Allah da asuba, ta zuba masa ruwan alwala, tunda ba shi da yatsun riƙe buta.

Can tana da ɗaki da abinci, da wata gurasa da limaminsu ke ba su, wadda ta ce ita ce abin da ta fi kewa, kuma ta san ba za ta ƙara samu ba. Ta bar duk wannan don wani bafatake ya ce mata ya san wani malami a Tambuwal mai ɗingishi kaɗan, ɗan Ummulkulsum ta Kebbe.

Ka fi ni sanin hukuncin wanda ya bar addini, ka kuma san abin da za a ce da mai addinin Nasara a bana. In aka zo bincike, ba za ta yi ƙarya ba, na gwada ta. Don Allah, don darajar innarku, kada ka kai maganar ko'ina. Ban ce ka yarda da hanyarta ba, ni ma ban yarda ba. Yayarka ce. Wassalam.

*

Daga Attahiru zuwa ga Mardiya. Watan Rabi'ul Awwal.

Mardiya, ki gafarta mini gajeriyar gaisuwa. Allah ya sa wannan ta same ku lafiya.

Takardarki ta yi kwanaki a hayin gulbi. Ya cika ya hana shanu ƙetarewa, Bube ya zauna jira, ni kuma nan ina ƙirga kasuwanni ina cewa kin zaɓi shiru. Jiya ya iso. Na riga na je.

Na gaya wa alƙali ana taro a kangon mahaifiyata, ina tsoron na 'yan Mahadi ne. Ya tambaye ni matar mece ce a gare ni. Na ce tana da'awar ita yayata ce, ni ban tabbatar ba, ban kuma ba kowa izinin zama ba. An rubuta haka, an aika wa masu ƙasarku. Yau da safe na koma in janye, ya ce magana ta bar hannunsa. Ya ce abu ɗaya ne zai tsayar da ita: in shaida a gabansa cewa yayata ce, domin mai gado ba a fitar da shi daga gidan uwarsa.

Na buɗe baki, sai na tuna abin da na karanta a takardarki. Wadda ta bar addini ba ta gado, ni nake karantar da wannan babin. In na shaida, na ci amanar abin da na sani. In na faɗi dalili, na kashe ta. Na ce masa zan yi tunani. Ya dube ni, na fito.

Ki fitar da ita kafin su zo. Ki kai ta rugar su Bube, ko Fakku, ko'ina. Ki ce mata in ruwa ya janye zan zo da kaina. Tun jiya diddigen nan yake yi mini zafi, abin da ya daɗe bai yi ba. Ki ce mata Atu yana gaishe ta. Wassalam.

*

Daga Mardiya zuwa ga Malam Attahiru. Watan Rabi'ul Ahir.

Gaisuwa, Malam. Muna lafiya. Gero ya yi kai, an fara cin tumu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dada ta rasu ranar Talata da hantsi.

Takardarka ta riga mahaya isowa, amma ta ƙi tafiya. Ta ce Na'Allah ba ya iya taka ƙasa, makauniya ba ta san hanyar ruga ba, in ta tafi wa zai hura wuta. Gaisuwarka kuwa ta sa na maimaita mata, ta ce, "Da bakinai yac ce Atu?" Na ce da alƙalaminsa. Ta ce ya isa.

Sun zo da dawaki suna neman masu tuta da mashi. Suka tarar da kutare da makafi da yara masu kumburin ciki suna jiran kunu. Babbansu, wani dattijo, kunya ta kama shi. Ya tambaye ta ko ta yi wa Mahadi mubaya'a, ta ce ba ta san shi ba. Ya ce to wa take bi. Ta ce, "Isa ɗan Maryamu." Sai ya ce, "Alaihis salam. Wa ba ya bin Annabawa?" Ya juya ga yaransa ya ce tsohuwa ce kawai. Abin da muka ji wa tsoro, ni da kai, ya wuce ta gabansa bai gan shi ba.

Amma akwai takarda a hannunsa, mai cewa mai gida bai san ta ba, bai ba da izini ba. Ya ce da 'yar gida ce, da ya koma yadda ya zo. Na rantse masa 'yar gida ce. Ya ce, "Malama, ɗan'uwanta na ciki ɗaya bai ce ba." Suka fitar da kowa, suka sauke jinka, suka toshe ƙofa da ƙaya.

Na ce ta zo gidana. Ta ce in zai ɗauke su duka. Mijina ya karɓi matar Fakku da 'ya'yanta, amma ya ce kutare ba za su shigar masa gida ba, ban kuma iya juya shi ba. Ta bi sauran gindin tsamiyar bayan gari, ta kafa musu 'yar bukka, ta ba Na'Allah wurin da ba ya yoyo. Ruwan bana ka san shi. Ciwon haƙarƙari ya kama ta, ba ta yi nisa ba.

Ni na yi mata wanka. Carbin na sa shi cikin likkafani inda ba mai gani. Liman ya yi mata salla, garin nan kaf ya fito, suna cewa waliyya ta tafi. Ban gaya wa kowa ba. In laifi ne, ni da kai muka san shi, sai mu ɗauka tare. Na'Allah ya ja jiki har maƙabarta, ba wanda ya hana shi.

Ba ta bar maka zargi ba, na so ta bari. Ta ce in gaya maka ka riƙa shafa wa ƙafar man kaɗe in sanyi ya shigo. Ni ce ban yafe ba tukuna, kada ka nema yanzu.

Mutanenta suna nan gindin tsamiya, ina aika musu abin da na iya. Ƙaya tana bakin kangon innarku, kuma ba mai ɗauke ta sai da bakin mai gida. Ka rubuto abin da za a yi.

Ka ce za ka zo in ruwa ya janye. Ya janye. Ba za ka sha wahalar gane kabarin ba, yana gefen na Gwaggo Ummu. An kwantar da ita yadda ake kwantar da kowa, fuska gabas, kai kudu wajen Lakwaja. Ƙafafunta suna kallon Tambuwal.